Kulliyar Ƙanun ta Jami'ar Khartum: tambayoyin da iyaye da ɗalibai suke yawan yi min

Assalamu alaikum jama'a. Duk lokacin da aka fito da sakamakon shahada, wato jarabawar gama sakandare ta Sudan, bana samun hutu, ko wani baffa ya kira ni a waya, ko a tare ni a ƙofar masallaci bayan Magariba a nan Gadarif ta gabashin Sudan, kuma maganar dai guda ce, yaro yana so ya cike Ƙanun ta Khartum, wato kulliyar karatun doka, ya kake gani? Ni a can nayi karatu, kuma aikin muhami nake yi har yau, wato lauya kaman yadda 'yan uwanmu na Najeriya suke cewa, shi yasa nace bari in tara tambayoyin wuri ɗaya in amsa su. Zan faɗa tun farko, ni ina so yaranmu su shiga wannan kulliya, so nake ƙwarai, amma inda tayi rauni ma zan faɗa dan kada wani ya tafi da ido a rufe.

Wai yaushe aka kafa ta, kuma su waye suka kafa?

Asalin wurin Kwalejin Gordon ce, wadda Kitchener ya buɗe a 1902 dan tunawa da Janar Gordon da Ansar ɗin Mahdi suka kashe a Khartum a 1885. Tun farkonta akwai sashe da ake koyar da alƙalan shari'a, masu hukuncin aure da saki da gado. Makarantar ƙanun kuwa sai a 1936 aka buɗe ta, kuma da ita ne karatun gaba da sakandare ya soma a cikin kwalejin. Waɗanda aka fara ɗauka ba yara bane sabbin fitowa, manya ne da suka riga suka yi aikin gwamnati, kaman Muhammad Ahmad Mahjub wanda injiniya ne kafin ya koma ƙanun ya gama a 1938. A 1945 aka haɗa makarantun wuri ɗaya aka ƙulla su da Jami'ar Landan, a 1951 makarantar likitanci ta Kitchener ta shigo ciki, sai a watan Yuli na 1956, wata shida da ɗan wani abu bayan samun 'yanci, majalisa ta maida ita Jami'ar Khartum mai cin gashin kanta.

Me yasa tsofaffin muhamai suke ce mata makarantar Ingilishi?

Saboda da turanci aka fi shekara hamsin ana karantarwa a cikinta, kuma tsarin shari'ar Ingila ake bi. Bari in ɗan buɗe wannan dan shine asalin sunan da tayi. Turawa da suka shigo sun kawo dokar laifuka a 1899 wadda suka ɗebo daga ta Indiya, amma ɓangaren ciniki da bashi da diyya basu rubuta komai da komai ba, sai suka saka wata aya guda da tace in alƙali bai samu nassi ba to yayi hukunci da adala da insaf da wijdan salim, wato adalci da daidaito da abin da zuciya mai lafiya ta yarda dashi. Ta wannan ƙofa ce alƙalai suka riƙa shigo da hukunce-hukuncen Ingila, wani lokaci kuma al'adar mutanen wurin. Toh a irin wannan tsari haddar aya bata isa ba, dole ɗalibi ya karanta shari'o'in da aka yanke a baya, sawabiƙ muke ce musu, ya gane me ya faru, me alƙali ya dogara dashi, a ina wannan shari'a ta bambanta da waccan. Wannan horon ne ya fitar da mutane masu iya gardama da hujja.

Kuma an samu malamai na gaske. Patrick Atiyah, wanda daga baya ya zama babban farfesa a Oxford, a nan ya fara koyarwa a shekarun 1950, haka William Twining daga 1958 zuwa 1961. A 1956 aka soma buga mujallar hukunce-hukuncen kotunan Sudan, kuma kulliyar tana da hannu dumu-dumu a ciki. Ina tuna ranar da na fara sauko da ɗaya daga tsofaffin kundayen nan a maktaba, bangon ya ɓare an ɗaure shi da zare, takardar ta koma ruwan ƙasa, gefe-gefe duk rubutun fensir na ɗaliban da suka riga mu da shekara talatin ko arba'in, wani ya ja layi ya rubuta gyara, wani ya zo a ƙasa yayi masa raddi. Na zauna har aka kaɗa mu za a rufe, a ranar na san inda na shigo.

Ɗana, shari'ar Musulunci fa? Kada in tura yaro ya je ya koyo dokar Nasara ya bar ta Allah.

Baffa, ka kwantar da hankalinka. Akwai sashen Shari'a a cikin kulliyar, kuma ba wanda zai fita bai yi usulul fiƙhu da gado da hukuncin aure da saki ba. Ilimin gado ma wallahi na ga 'ya'yan malamai da suka yi Risala da Askari a zaure suna zufa a jarabawarsa, dan lissafi ne tsantsa kuma ba a sassauci. Abu ɗaya dai da yaro zai tarar ya bambanta da na gida, mu Malikiyya ne, amma kotunan shari'a na Sudan tun dokar 1902 da Hanafiyya aka gina su, saboda manyan alƙalan daga Masar ake kawo su har zuwa 1947, cikinsu har da Shehu Mustafa al-Maragi wanda daga baya ya zama Shehun Azhar. Suna fitar da manshurai suna ɗauko ra'ayin Malik a wasu mas'aloli, amma gindin Hanafi ne. Yaron da ya zo da Malikiyyarsa daga gida riba ce gareshi, zai riƙa kwatanta biyu.

Ban da haka, dokokin da ake aiki dasu yanzu ai daga fiƙhu aka ciro mafi yawansu, dokar mu'amalat ta 1984, dokar laifuka ta 1991, dokar iyali ta Musulmi ta 1991. Muhamin da bai san fiƙhu ba a Sudan ta yau ba zai ci abinci ba.

An ce wai tana da alaƙa da Arewacin Najeriya, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ita ce tambayar da nafi jin daɗin amsawa, dan yaranmu da yawa basu sani ba, suna shiga wurin kaman baƙi. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Malaman da suka ɗaga ta daga Sudan aka ɗauko su, cikinsu akwai Shehu Bashir al-Rayah. Daga wannan makaranta ne manyan alƙalan Arewa suka fito, har da Shehu Abubakar Gumi, wanda shi ma daga baya ya zo Bakhtur Ruda kusa da Duwaim ya ƙaro karatun koyarwa.

Sai babba. A 1958, ana shirin ba Najeriya 'yanci, gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a dan su duba yadda za a tsara kotuna da dokar laifuka a Jihar Arewa. Wanda ya shugabanci kwamitin nan shine Muhammad Ahmad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan kujera, kuma ɗan makarantar ƙanun ta Khartum ne na sahun farko. Tare dashi akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Fakistan da Farfesa Anderson daga Landan. Shawararsu ce ta haifi kundin dokar laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, wanda aka ɗora a kan na Sudan. Yani finalkod ɗin nan da kake jin lauyoyin Kano da Kaduna suna ambata har gobe, ɗan uwan namu ne na jini. Bayan haka kuma Dakta Zaki Mustafa, wanda ya shugabanci kulliyar a Khartum, ya tafi Zariya ya shugabanci tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, kafin ya dawo ya zama Na'ibul Am, wato babban lauyan gwamnati, a 1973. Hanyar da kakanninmu suka biyo da ƙafa zuwa gabas, ita ce malaman nan suka bi zuwa yamma da littattafai, dan haka Bahaushe yana da rabo a tarihin wurin nan.

Su waye manyan da suka fito daga cikinta?

Suna da yawa, kuma abin da zai baka mamaki shine basu kama hanya ɗaya ba ko kaɗan. Mahjub yayi firayim minista sau biyu a shekarun 1960. Hasan Turabi ya gama a 1955, ya tafi Landan da Faris, ya dawo ya zama amid, wato shugaban kulliyar. Ali Usman Muhammad Taha ma ɗanta ne. A ɗaya gefen akwai Joseph Garang, ɗan Kudancin Sudan ɗan kwaminis wanda Shugaba Numairi ya rataye a 1971, da Abel Alier da ya zama mataimakin shugaban ƙasa kuma ya jagoranci ɓangaren gwamnati a sulhun Addis Ababa na 1972, da Francis Deng, da Mansur Khalid, da Amin Makki Madani mai kare haƙƙin ɗan adam, da Abdullahi an-Na'im almajirin Mahmud Muhammad Taha wanda ya ƙare yana koyarwa a Amurka. Na baya-bayan nan akwai Nasruddin Abdulbari ministan shari'a a 2019, da Kamil Idris da aka naɗa firayim minista a 2025.

Ni dai in aka ce in ɗauki mutum ɗaya, Babikir Awadallah zan ɗauka, kuma a kan abu ɗaya. A 1965 majalisa ta haramta jam'iyyar kwaminis ta kori wakilanta, kotu ta yanke cewa wannan ya saɓa tsarin mulki, gwamnati tace ba zata bi ba. Shi kuma yana Alƙalin Alƙalai sai ya ajiye aikin a 1967, yace ba zai zauna a kan kotun da ba a jin maganarta ba. Ba sai kana son kwaminis ba kafin ka ga girman wannan. Amma kuma shi ɗin dai ne ya karɓi kujerar firayim minista a hannun sojojin da suka yi juyin mulki a Mayun 1969, wannan kam yana min ciwo har yanzu, kuma ina faɗa wa ɗalibai duka biyun. Kulliyar ta fitar da waɗanda suka tsaya wa doka, ta kuma fitar da waɗanda suka rubuta wa masu bindiga abin da suke so.

Tsakaninta da Nilain wacce ta fi?

Wannan gardama ta girme ni. Nilain asalinta reshen Jami'ar Alƙahira ne da aka buɗe a Khartum a 1955, sai a 1993 aka maida ita ta Sudan aka canza suna. Su da larabci suke karatu tun farko, a kan tsarin Masar da ya samo asali daga Faransa, inda komai a rubuce yake cikin kundi, kuma suna ɗaukar mutane da yawa har ma'aikata masu zuwa da yamma, ita kuma Khartum 'yan kaɗan take ɗauka. Rigimar har ta kai ga dokar ƙasa, a 1971 aka kawo kundin dokar madani, ta ciniki da bashi da diyya, irin na Masar, 'yan Khartum suka yi ta suka, a 1973 aka soke shi aka koma tsohon tsari, sai kuma dokokin Satumba na 1983, na shari'ar Musulunci da Numairi ya kawo, suka zo suka sake juya komai.

A kotu yau zaka ga muhami ɗan Nilain ko ɗan Jami'ar Musulunci ta Umdurman da ya fi ɗan Khartum iya aiki nesa ba kusa ba, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Ni'imat Abdullah Muhammad Khair, mace ta farko da ta zama Alƙalin Alƙalai a 2019, 'yar reshen Alƙahira ce. Inda Khartum ta fi shine ƙaramin aji, da abokan karatu waɗanda duk zakaru ne a makarantunsu, da kuma suna in za a fita waje neman digiri na biyu. In yaro ya samu Khartum ya tafi, in bai samu ba kada ya zauna a gida yace sai ita.

Ance ta lalace, ba kaman da ba?

Eh, tayi rauni, ba zan rufe ba. Bayan juyin mulkin 1989 an kori malamai da alƙalai da yawa da sunan salihul am, wato wai dan maslahar jama'a, wasu kuma suka tafi da kansu ƙasashen Larabawa da Turai saboda albashi baya kai wata. A 1990 aka zo da maida karatun jami'a larabci. Ni bana adawa da larabci, dashi muke tsayawa a gaban alƙali, amma an yi abin da gaggawa, littattafan da ke maktaba na turanci ne, ɗalibai kuma suka daina iya karanta su, sai aka koma dogaro da muzakkira, malam ya rubuta 'yan shafuka a buga a haddace. Wannan shine babban asarar, dan abin da ya ɗaga kulliyar tun farko shine karanta shari'a da kanka. Ga kuma yawan rufe jami'a, karatun da ya kamata ka gama a kan lokaci sai ya ƙara shekara ɗaya ko biyu.

Duk da haka akwai malamai da suka ƙi tafiya, suna hawa hafila, motar haya, kaman kowa su zo su koyar, kuma suna riƙe da tsohon ma'auni, basa bada maki dan kunya. Shawarata ga duk yaron da zai shiga, ya gyara turancinsa da kansa tun yana barlum, wato ɗan shekarar farko, kada ya jira a koya masa.

Ni tsorona siyasa, kada a kashe min yaro a muzahara.

Inna, tsoronki yana kan hanya, ba zan ce miki babu ba. Wannan jami'a ita ce ta kunna juyin Oktoba na 1964, daga taron tattaunawa a kan matsalar Kudu, 'yan sanda suka shiga suka harbe ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi ranar 21 ga wata, alƙalai da muhamai suka fito da takardar koke, cikin 'yan makonni mulkin soja na Janar Abbud ya faɗi. Zaman dirshan na 2019 ma a bakin ƙofarta aka yi shi, dan hedkwatar soja maƙwabciyarta ce. Kuma a zamaninmu kusan kullum akwai rukunin niƙashi, ɗalibi ya tsaya a fili yana jawabi 'yan wata ƙungiya suna masa raddi, wani lokaci a rabu lafiya wani lokaci a rabu da sanda.

Abin da zan ce miki, yawancin ɗalibai suna tsayawa su saurara su wuce darasi, ba a tilasta kowa. Ki zaunar dashi kafin ya tafi, ki haɗa shi da wani babba na gida da zai riƙa leƙa shi. Sauraron gardamar nan kuwa tana buɗe kan ɗan ƙanun fiye da wasu darussan.

Mu manoma ne da 'yan kasuwa, me ya haɗa Bahaushe da ƙanun? Ba gara likitanci ba?

Likitanci alheri ne, wanda ya samu Allah ya sa albarka. Amma dan Allah a saurare ni a nan, dan saboda wannan amsar na zauna rubutun gaba ɗaya.

Dokar jinsiya, wato ta zama ɗan ƙasa, ta 1957 tace ɗan ƙasa na asali shine wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Toh a lissafa. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, bayan nan ne ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya iso da jama'a suka kafa Mai Wurno a bakin Nil Azraƙ kusa da Sinnar. Yani layin da aka ja ya bar dubban mutanenmu a waje da tazarar 'yan shekaru, mutanen da suka yi noman auduga a Jazira, suka yi aikin madatsar Sinnar, suka haifi 'ya'ya da jikoki a nan. Daga baya an matso da shekarar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta kawo ta 1 ga Janairu 1956, amma da yawa cikin iyayenmu basu taɓa jin an canza ba, wasu ma'aikatan kuma suka ci gaba da yi kaman ba a canza ba.

Ina ɗan shekara goma sha biyar na raka mahaifina wani ofishi neman takardar jinsiya ta yayana. Ya zo da gwangwanin madara wanda yake ajiye takardunsa a ciki, rasiɗin harajin gona na shekaru, duk a naɗe da ƙyalle, ya shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. Ma'aikacin bai ko taɓa su ba, ya tambayi ƙabila, da ya ji sai yace a kawo shaidar inda aka haifi kakan kaka. Baba ya tattara takardunsa a hankali ya mayar cikin gwangwani, muka fito, har muka kai tasha bai ce min uffan ba. Sai da na kai shekara ta biyu a kulliya na buɗe dokar da kaina na ga cewa a ranar nan haƙƙinmu ne, abin da aka nema a wurinsa doka bata nema ba. Da akwai mutum ɗaya a danginmu da ya san ayar, da magana ta ƙare cikin minti biyar.

Haka maganar ƙasa. Dokar 1970 tace duk filin da ba a yi masa rajista ba na gwamnati ne, an soke ta a 1984 amma ma'anarta ta zauna cikin dokar mu'amalat. Mutanenmu nawa ne suke noma gona shekara hamsin da hiyaza kawai, wato gonar tana hannunsu amma ba takarda, sai rana ɗaya wani ya zo da taswira da hatimi? Kusan duk wata sai irin wannan ta zo ofishina, kuma sau da yawa an makara, an bar lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce saboda ana ta zaman sulhu a zaure. Rikicin da ya ɓarke tsakanin mutanenmu da wasu ƙabilu a jihar Nil Azraƙ a Yuli da Oktoban 2022, rayukan da aka rasa a Rusairis da Wad al-Mahi da mutanen da aka raba da gidajensu, tushensa maganar ƙasa ce da ta sarautar gargajiya, waye yake da haƙƙin me. Mun fito muzahara a Kasala da Gadarif da Khartum, amma da aka zo zaman rubuta yarjejeniya da bin haƙƙin waɗanda aka kashe, masu ƙanun ɗinmu basu kai yadda ake buƙata ba. Muna da malamai, muna da 'yan kasuwa, muna da 'yan ƙwallo da duk Sudan ta sani, alƙalai da wakilan niyaba, wato masu gabatar da ƙara, da masu rubuta doka ne muke da ƙarancinsu.

Za a wulaƙanta yaro dan shi Bahaushe ne?

Zai ji kalma, wannan kam ba makawa, kaman yadda yake ji a kasuwa. Ni wani ɗalibi ya taɓa ce min a gaban mutane wai me Bafallace, sunan da ake kiran mu 'yan asalin yamma dashi, yake nema a ƙanun, naji zafi sosai, kuma na yi wata biyu bana yin Hausa a cikin jami'a ko a waya. Wadda ta warkar dani wata mai shayi ce da take zama ƙarƙashin bishiya a titin bakin Nilu. Wata rana ƙanwata ta kira, na juya baya ina amsawa ƙasa-ƙasa, da na gama sai matar ta miƙo min kofi tace, "Ɗana, ɗan gidan wa ne kai?" da Hausa tsantsa. 'Yar unguwar Mayo ce ta Khartum, asalinsu Haɗeja. Tace in ɗaga murya in zan yi harshen uwata, ita shekara ashirin tana wurin bata ga namu da yawa sun shiga ƙofar nan da littafi ba. Tun daga ranar bata ƙara karɓar kuɗin shayina ba har na gama.

A takardar jarabawa kuwa lamba ce ake gani, kuma abokan da na samu a can, 'yan Shamaliyya da 'yan Darfur da 'yan Kudu, har yau muna tare.

'Ya mace fa, ya dace ta karanta?

Ƙwarai kuwa. Sudan ta naɗa mace alƙali tun 1965, Ihsan Fakhri, lokacin da ƙasashe da yawa basu ko yi tunanin haka ba. Kuma matanmu da suke zuwa kotun iyali a kan nafaƙa da riƙon yara da gado, akwai abin da ba zasu iya faɗa wa namiji ba, balle ta bakin tafinta. Muhamiya mai jin Hausa a Gadarif ko Damazin ko Madani ba zata rasa aiki ba ko na kwana ɗaya.

Yaya ake shiga, kuma mu da muke Saudiyya fa?

Da shahadar Sudan ake shiga, ta hanyar taƙdim, wato cike neman gurbi, na ƙasa gaba ɗaya, kuma Ƙanun ta Khartum kullum tana cikin masu neman nisba, wato maki bisa ɗari, mafi tsada a ɓangaren adabi. Nisbar tana canzawa duk shekara, a duba dalilin ƙabul, wato littafin jagoran shiga jami'a, na shekarar, kada a dogara da ta bara. Akwai ƙabul khas na biyan kuɗi ga wanda ya gaza da kaɗan. Yaranmu na Makka da Jidda da Madina masu takardun Sudan da suka yi sakandaren Saudiyya suna shiga ta layin shahada arabiyya, a fara gyaran takardu da wuri dan tasdiƙi, wato tantance takardun, yana cin lokaci.

In ya gama shikenan ya zama muhami?

A'a, da saura. Sai ya zauna jarabawar shiga aikin ƙanun wadda kowa yake kira mu'adala, in ya ci sai yayi horo a ofishin wani babban muhami kafin a bashi lasisi. Daga nan hanya ta rabu, ko muhamanci, ko alƙalanci, ko niyaba, ko ma'aikatar shari'a, ko banki da kamfani da ƙungiyoyin agaji. Shekarun farko akwai wuya, kuɗi kaɗan ne yawo da yawa, a gaya wa yaro gaskiya. Masu tafiya Saudiyya da sauran ƙasashen Khalij kuma mustashar suke zama, mai bada shawara da rubuta yarjejeniya, dan lasisin tsayawa a kotu a Saudiyya na 'yan ƙasa ne, kuma a can ɗan Khartum mai larabci da turanci yana da daraja tun da daɗewa.

Toh yanzu da yaƙin nan, akwai ma kulliyar?

Akwai ta. Yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 a unguwarta ya fara, har wasu ɗalibai suka maƙale a cikin jami'a kwanaki ba fita, kuma kusan shekara biyu tsakiyar Khartum fagen fama ne har sojoji suka karɓe ta a Maris na 2025. Gine-gine sun taɓu, an yi sata, malamai sun watsu Bort Sudan da Alƙahira da Riyad da sauran wurare. Da yaƙin ya tashi karatu ya koma ta intanet, jarabawa kuma aka riƙa yinta a cibiyoyi a garuruwan da ke da lafiya da wasu ƙasashen waje. Ita kanta shahadar 2023 sai a Disamban 2024 aka samu zama.

Wannan ba daidai yake da zama a aji gaban malam ba, kuma yaron da ke ƙauye inda netwok sai an hau tudu zai sha wahala, a tanadar masa waya mai kyau da ɗan sola tun kafin a fara. Amma kada a ce sai komai ya daidaita, shekarun yaro basa jira. Wanda yake nan kusa kuma ya samu shiga, ya nemi ofishin wani muhami ya riƙa zuwa yana ɗaukar fayil yana bin sa kotu ko ba a biyansa, abin da ya rasa na maktaba zai samu rabinsa a nan. Ni a wurina akwai biyu yanzu, mace da namiji, ita 'yar wani manomin riɗi ce daga wajen Hawata, da safe tana bina mahkama da yamma ta zauna a bayan ofis inda netwok ya fi ƙarfi tana sauraron darasin dokar ƙasa, jiya ma ita ce ta gano min ranar da aka yi kuskure a wata takardar gona.